Ranar da Wandona Ya Zubar da Ruwan Gari Guda

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya sai na yi ta lalube kafin su zo. Amma ranar da na sa aka zubar da ruwan wankan gari guda a ƙasar Japon, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta tun daga farko. Ba zan manta da ita ba, kuma ban ma so in manta.

Abin ya faro ne daga gida, ba daga Japon ba. Bayan babban farin nan na shekarun tamanin, wasu mutanen Japon suka zo yankinmu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Sansaninsu yana Birnin Konni, aikin kuma yana ƙauyukan wajen Illela. Ni lokacin ina matashi, na fito daga lakwal, wato makarantar koyon sana'a, da ɗan faransancina da girman kaina, aka ɗauke ni makaniki. Shugaban aikin wani dattijo ne gajere mai furfura, wanda ba ya rabuwa da ɗan ƙaramin tawul a wuya. Sunansa ya gagari bakinmu, sai muka riƙa ce masa Tsoho, shi ma ya amsa. Shekara biyu yana tare da mu, ya tsinci Hausa irin ta Konni, guntu-guntu amma mai ma'ana. Ba ya yawan magana. In ka ɗaure ƙusa ba daidai ba, ba zai yi maka faɗa ba, sai ya kwance ta a gabanka ya miƙa maka sifana.

Da layi ya zo kan ƙauyenmu, na ce lalle sai ya ci abinci a gidanmu. A lokacin ba mu da ruwa kusa. Inna, mahaifiyata, tun da asuba take fita da tulu zuwa wata tsohuwar rijiya can bayan gonaki, sahu uku ko huɗu kafin ta cika randar da ke ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida, wato dogon yaro. Randar tana da faifanta na rufi da moɗarta da ke rataye, kuma duk gidan mun san ba abin da ke shiga cikinta sai wannan moɗa.

Muka shigo da tsakar rana, a watan bazara, Tsoho ya yi jajir don zafi. Ina can ina shimfiɗa tabarma, shi kuwa ya ga randa a waje, ya ɗauka ruwan wanke hannu ne. Ya ɗaga faifai, ya ciro tawul ɗin nan da ya sha gumi da baƙin mai tun safe, ya tsoma shi ciki, ya matse, ya goge wuya. Inna tana bakin murhu tana kallo. Ta taso, ta karkata randar, ruwan nan duka ya malale gindin bedi, awaki suka taho da gudu.

Na ga fuskar Tsoho ta canza. Ya ja ni gefe ya tambaye ni da faransanci ko don shi ba musulmi ba ne, ko don baƙo ne take ganin ya ƙazantar da ruwan. Na yi dariya, na ba shi amsa da Hausa yadda zai riƙe.

"Ba kai ba na, Tsoho, tsumman na. Ko ni nis sa shi ciki, haka za ta yi."

Ya kalli ƙasar da ta jiƙe. Sai ya tambayi inda rijiyar take. Duk yadda na hana shi bai ji ba. Ya ari garwa biyu da sanda wurin maƙwabci, ya saɓa a kafaɗa, ya yi sahu biyu cikin wannan rana, mata suna leƙe ta saman darni suna dariya. Da randa ta cika, Inna ta ɗebo da moɗa ta zuba masa a kwano da hannunta. Daga ranar, in ta dama fura sai ta ware tasa.

Bayan an gama aikin sun koma ƙasarsu, sai takarda ta zo buro, wato ofishinmu, cewa ana son makaniki ɗaya ya je sitaj, wato horo, na wata uku a Japon kan gyaran famfo. Akwai waɗanda suka girme ni a aiki, amma sunana ne a takardar. Daga baya na ji Tsoho ne ya tsaya mini. Na tafi Yamai, na hau jirgi karo na farko a rayuwata, na sauka cikin sanyin da ban san Allah ya halicci irinsa ba.

Ana saura sati biyu in dawo, Tsoho ya zo masaukinmu da kansa. Ya riga ya yi ritaya, ya koma ƙauyensu cikin duwatsu, ya ce zai kai ni in kwana biyu. A jirgin ƙasa ya shiga ba ni labarin abin da garinsu ke taƙama da shi: ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa da kansa, ba wuta ba itace. Suna ce wa irin wurin onsen. Na garinsu ba na masu yawon buɗe ido ba ne, na 'yan gari ne, kowane gida da ranar sharar sa, kuma baƙo ba ya shiga sai wani ɗan gari ya tsaya masa. Ya ce ya yi wa tsohuwar da ke riƙe da makullin wurin magana, ya ce mata ɗansa ne zai zo daga Nijar.

Sannan ya jera mini ƙa'idoji da yatsu, rabi da faransanci rabi da Hausa. Takalmi a bakin ƙofa. Labule mai shuɗi na maza, ja na mata. Ka tuɓe ka sa kayanka cikin kwando. Ka zauna kan 'yar kujera ka wanke jikinka tas da sabulu, ka ɗauraye har kumfa ta ƙare, sannan ka shiga tafkin. Cikin tafki ba a cuɗa jiki, ba a iyo, ba a hayaniya. Ɗan tawul ɗinka ka ɗora shi a ka ko a gefe, kada ya taɓa ruwa. Ina ta cewa "to, to". Sai na tambaye shi, in an tuɓe, da me ake shiga. Ya ce ba da komai ba, yadda uwa ta haifi mutum.

A nan ne ya kamata in buɗe baki. In ce masa, Tsoho, addinina bai yarda in buɗe tsakanin cibiya da gwiwa a gaban mutane ba, kuma ko ba addini, ni tun da aka yi mini kaciya ba wanda ya ga tsiraicina. Magana ce ta minti ɗaya. Amma kunya ta hana ni, kuma ina da wata ɗabi'a da na sha wuya a kanta kafin in rabu da ita: in abu bai yi mini ba, ba na musu, sai in ce "to" in yi nawa. Na ce a raina, gajeren wando ai ba zai kashe kowa ba. Wanka kuwa na yi shi da safe a masauki. Dabarata ita ce in riga Tsoho shiga ruwa, in nutse zuwa wuya, kafin ya ankara magana ta wuce.

Muka isa da la'asar, ƙanƙara ta rufe rufin gidaje. Ɗakin wankan na katako ne, ƙarami, tururi na fita ta tagar sama, wurin yana warin dafaffen ƙwai. Tsohuwar tana zaune a bakin ƙofa, ƙanƙanuwa, bayanta ya ranƙwafa. Tsoho ya tsaya gaishe ta, irin gaisuwarsu ta sunkuye-sunkuye da ba ta ƙarewa. Na ga dama ta samu. Na cire takalmi, na ɗaga shuɗin labule, na tuɓe da sauri na bar wandon da na yini da shi a jirgin ƙasa, na tura ƙofar ciki.

Maza biyar ko shida ne a cikin tafkin, dattawa, manoman da suka taso daga aiki, kowa da ɗan tawul a ka. Na ga kujerun da bokitan katako a jere a gefe, na wuce su kamar ban gani ba. Na ɗaga musu hannu, na zura ƙafa. Zafin ruwan ya kusa sa in yi salati da ƙarfi, amma na cije, na zauna har wuya. Don in nuna ni ma na saba, na tsoma tawul ɗina cikin ruwan, na matse, na goge fuska.

Hirar da suke yi ta tsaya. Ba wanda ya harare ni. Wanda ke kusa da ni ya miƙe ya fita. Na biyu ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya suka fice, suka koma kan kujeru suna sake ɗauraye jikinsu. Ni kaɗai na rage cikin tafki. A daidai nan Tsoho ya turo ƙofa. Ya dube ni, ya dubi wandon da ke nunawa ta cikin ruwa, ya dubi kujerun. Sai na ga mutumin da ya koya mini aiki, wanda gwamna ke tashi tsaye in ya shigo, ya sunkuya wa manoman nan har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya daɗe bai ɗago ba.

Wani ya je ya kira tsohuwar. Ta shigo ɗakin maza ba ta kalli kowa ba, ta yi mini alama da hannu in fito, ta naɗe hannun riga, ta sa ƙugiya ta zare wani toshin katako a ƙasan tafkin. Ruwan ya fara tafiya.

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yin irinsa ba. Wata biyu da rabi ina haɗiye kallon da ake yi mini a titi da cikin jirgin ƙasa, yara suna nuna ni da yatsa, kujerar kusa da ni tana zama wayam. Duk ya taso mini lokaci guda. Na ce shi ke nan, baƙin mutum ya shiga ruwansu, sun zubar. Na sa kaya a kan jiƙaƙƙen wando, na fita waje cikin ƙanƙara, na nufi hanyar tasha ban ma san ko akwai jirgi ba. Na ƙudura ba zan kwana a garin ba, kuma ba ni ba Tsoho har abada.

Ya cim mini a kan wata 'yar gada, yana haki, ko rigar sanyi bai sa ba. Na juyo na zazzage masa da Hausa, don faransanci ba zai ɗauki abin da ke bakina ba.

"Don mi ka kawo ni nan? Don a wulaƙanta ni? Ni kare na da za a zubda ruwa don na shiga? Ka ci tuwonmu, ka sha hurarmu, wa yat taɓa yi maka haka?"

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce kalma ɗaya.

"Randa."

Na ce, "Mi?"

"Randar Inna," in ji shi. Ya ɗaga ɗan tawul ɗin da ke hannunsa. "Ba kai ba na. Wandon na. Ko ni nis sa shi ciki, haka za ta yi."

Maganata ce, da Hausar Konni, yadda na faɗa masa a gindin bedi. Ya riƙe ta shekara uku ya kawo mini ita har ƙofar gidansu. Na tsaya a kan gadar nan, wando ya fara daskarewa a jikina. Kunya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Sai lokacin na gane abin da na yi. Ruwan nan ba na wanka ba ne yadda muka san wanka. Sun riga sun yi wankansu a kan kujera. Tafkin wuri ne da gari duka ke shiga da tsabta su huta, tsoho mai ciwon gwiwa da manomin da ya yini cikin ƙanƙara. Ni kuma na shiga da ƙurar tafiyar yini guda, da wando, da tsumma. Kuma ba mutuncina kaɗai na zubar ba, har da na wanda ya ce ni ɗansa ne.

Na ce masa ban iya tuɓewa gaban mutane, na gaya masa dalili. Ya dube ni da mamaki.

"Don mi ba ka hwaɗi ba cikin jirgi?"

Na ce kunya. Ya girgiza kai, ya ce, "Kunya ƙarama, kunya babba," yana nuna girman kowacce da hannu.

Na tambaye shi yaushe tafkin zai cika. Ya ce ruwan siriri yake zuwa ta bututun gora, sai gobe da safe. Yau dai gari ba wanka. Na tambaye shi ko akwai garwa a garin nan. Ya gane nufina, ya yi murmushi karo na farko, ya ce garwa ba za ta yi aiki ba, amma akwai buroshi.

Muka koma. Tsohuwar tana cikin tafkin da ya ƙafe ita kaɗai, tana gurzar duwatsu. Na cire takalmi, na sunkuya mata yadda na ga suna yi, ko da yake na san ban iya ba, na miƙa hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta miƙo mini buroshin. Na gurji tafkin nan dutse bayan dutse, ita tana biye da ni tana nuna inda na tsallake, ba ta ɗaga mini ƙafa ko sau ɗaya ba. Biyu daga cikin dattawan ba su tafi ba, suna tsaye a bakin ƙofa. Can sai ɗayansu ya naɗe wando ya ɗauki bokiti ya fara kwara ruwa a inda na gurza. Na ga bututun da ke kawo ruwan yana yoyo a wata gaɓa, na ce a ba ni waya da tsumma, na ɗaure shi. Wannan kam aikina ne.

Tsoho ya yi wa tsohuwar doguwar magana da yarensu, na san a kaina ne. Ta saurara, ta yi wata 'yar tambaya, ta kaɗa kai.

Washegari bayan na yi sallar asuba, gari ya waye, Tsoho ya ce mu je. Tafkin ya cika, tururi ya rufe ɗakin, ba kowa sai mu. Tsohuwar ta buɗe mana kafin lokacin mutane. A cikin kwando na tarar da wani farin ƙyalle sabo, a wanke a ninke, mai igiya. Tsoho ya ce tana ajiye irinsa don waɗanda aka yi wa aiki a asibiti ba sa son a ga tabonsu. Ƙyallen na wurin ne, ba ya fita waje, ba a tafiya da shi ko'ina. Na ce, "Moɗa ke nan." Ya ce, "Moɗa."

Ya juya mini baya na ɗaura. Na zauna kan 'yar kujerar nan, gwiwoyina sun kusa kai kunnena, na cuɗa jikina da sabulu sau biyu, na ɗauraye har fatata ta yi ƙara. Na ɗora tawul a ka. Na shiga a hankali yadda ya nuna mini, ƙafa, gwiwa, ƙugu, sannan kafaɗa. Muka zauna, ƙanƙara tana sauka a bayan taga. Gajiyar wata uku ta fita daga jikina. Bayan ɗan lokaci dattijon da ya kwara mini ruwa jiya ya shigo, ya yi wankansa a kan kujera, ya zo ya zauna a gefena har kafaɗarmu ta kusa haɗuwa. Ya saki dogon numfashi, ya ce wani abu. Tsoho ya ce wai yana cewa ruwan yana zuwa da ƙarfi yau fiye da da, tun da na ɗaure bututun.

Da na dawo gida na ba Inna labarin duka, ina tsammanin za ta tausaya mini ko kaɗan. Tana tsinke zogale ba ta ɗago ba.

"Da wando ka shiga ruwan mutane?"

"Awo, Inna."

"Ba ka yi wanka ba?"

"Na yi da sahe."

"Tsohuwar ga ta san abin da takai," in ji ta. "Da ni ta, da kai zan haɗa in zubda."

Tsoho ya rasu da daɗewa, Inna ma ta bi shi. Foraj ɗin da ya haƙa yana nan yana ba ƙauyenmu ruwa, ni na yi ta gyaransa har ƙarfina ya ƙare. Ba zan ce duk kallon da aka yi mini a can na alheri ba ne, akwai wanda raini ne kuma na san shi. Amma na ranar nan ba shi ba ne, kuma saura kaɗan in yar da mutumin kirki a kan gada saboda ban bambance ba. Abu biyu na ɗauko daga ruwan nan. In abu ya fi ƙarfinka a gidan mutane, faɗi tun a hanya, kada ka ce "to" ka yi naka. Kuma har yau, in na ga an juya mini baya, kafin in ce an raina ni, sai na fara duba abin da na tsoma a randar mutane.